'Yan Wasan T1 Daga 2013 Zuwa Yau: Tambayoyi da Amsoshi

T1 ƙungiya ce ta ƙwararrun 'yan wasan kwamfuta da ke birnin Seoul na Koriya ta Kudu, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta cin kofin duniya a wasan League of Legends: sau shida ta ɗaga shi, a 2013, 2015, 2016, 2023, 2024 da 2025. Mutum biyar ne ke buga wa kowace ƙungiya, kuma mutum ɗaya ne kaɗai, Faker, ya buga duka shidan. Sauran kujeru huɗun kuwa sun ga mutane iri-iri, kuma a nan ne akasarin tambayoyin masu kallo suke.

T1 da SK Telecom T1 ƙungiya ɗaya ce?

Ɗaya ce. Asalinta ma ba a League of Legends yake ba. Shahararren ɗan wasan StarCraft (wani wasan kwamfuta na daban), Lim Yo-hwan, wanda aka fi sani da BoxeR, shi ya tara ƙungiyar da kamfanin sadarwa na SK Telecom ya ɗauki nauyinta a 2004. Sashen StarCraft ya fitar da gwanaye irin su iloveoov da Bisu da INnoVation kafin a rufe shi a 2016. A ƙarshen 2012 ne kamfanin ya shiga League of Legends. A 2019 SK Telecom ya haɗa jari da kamfanin Comcast Spectacor na Amurka, aka taƙaita sunan ya koma T1. Saboda haka duk inda ka ga SKT a tsofaffin bidiyoyi, su ne.

Mene ne aikin kowanne daga cikin 'yan wasa biyar ɗin?

Sai an gane wannan kafin a gane dalilin da tafiyar mutum ɗaya ke iya girgiza ƙungiya. Kowane ɗan wasa yana zaɓar jarumi ɗaya da zai sarrafa a cikin wasan. Filin wasan yana da hanyoyi uku, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa, da daji a tsakaninsu. Ɗan sama yana can shi kaɗai, nesa da taimako, don haka dole ya iya tsayuwa da ƙafarsa. Ɗan daji ba shi da hanya. Yana yawo yana tara ƙarfi daga dodannin daji, yana kai farmaki inda abokan hamayya ba su zata ba, kuma shi ke da alhakin kama manyan dodanni da ake faɗa a kansu. Ɗan tsakiya yana kusa da ko'ina, idan ya rinjayi abokin karawarsa sai ya samu damar zuwa ya taimaki sama ko ƙasa. A hanyar ƙasa mutum biyu ne: maharbi, wanda ake tara wa zinariya, wato kuɗin cikin wasa, don ya yi ɓarna a ƙarshen wasa, da mai rufa masa baya, wanda ke kare shi, yana dasa fitilun leƙen asiri a fili, kuma sau da yawa shi ke buɗe faɗa.

Zinariyar da ke fili ba ta isar kowa, kuma ɗan daji ba zai kasance wuri biyu lokaci ɗaya ba. Kowace ƙungiya sai ta yanke wanda za a ciyar da wanda zai haƙura. Idan aka kawo sabon ɗan sama mai son a riƙa zuwa masa, to maharbin da ya saba da kulawa ne zai biya kuɗin. Wannan rabon shi ne ainihin abin da ke canzawa idan an sauya suna ɗaya a takarda.

Su wane ne biyar ɗin farko da suka ci kofin duniya?

Impact a sama, Bengi a daji, Faker a tsakiya, Piglet maharbi, PoohManDu mai rufa baya, kocinsu kuma Kim Jeong-gyun, wato kkOma. A farkon 2013 aka haɗa su a matsayin ƙungiya ta biyu ta kamfanin, domin a lokacin doka ta yarda kamfani ɗaya ya mallaki ƙungiya biyu. Daga baya aka riƙa kiransu SKT T1 K, 'yar'uwarta kuma SKT T1 S.

Faker, mai suna Lee Sang-hyeok, yana da shekara 16 ya buga wasansa na farko a watan Afrilun 2013, ya kuma kashe jarumin abokin karawarsa Ambition shi kaɗai, alhali Ambition na cikin manyan 'yan tsakiya na ƙasar. A watan Agusta suka doke KT Rolster Bullets da ci 3–2 bayan sun faɗi wasa biyun farko, a watan Oktoba suka lallasa Royal Club ta China da ci 3–0 a Los Angeles. Gasar Koriya da ta biyo baya kuwa sun cinye ta ba su faɗi ko wasa ɗaya ba cikin 15.

To me ya raba su?

Abu uku ne suka haɗu a 2014. PoohManDu ya ɗan janye saboda rashin lafiya, ƙungiyoyin Samsung biyu suka gano yadda ake mallakar fili da fitilun leƙe fiye da kowa, SKT kuma ta kasa samun gurbi a gasar duniya da aka yi a gida Koriya. A ƙarshen shekarar aka soke dokar ƙungiya biyu, dole aka narke K da S wuri ɗaya. Kujera biyar ce, mutum kuwa goma. Impact da Piglet suka tafi Amurka. Daga K aka riƙe Bengi da Faker, daga S aka ɗauko MaRin da Easyhoon da Bang da Wolf.

Wannan haɗin ne ya ci duka zango biyun da aka raba gasar Koriya ta LCK a 2015, sannan ya je Turai ya ci kofin duniya, wasa ɗaya tak ya faɗi a duk gasar, shi ma a wasan ƙarshe da KOO Tigers a Berlin. MaRin ne aka ba gwarzon gasar.

Da gaske an taɓa ajiye Faker a benci?

An taɓa, kuma ba sau ɗaya ba. A 2015 kkOma yana musanya shi da Easyhoon gwargwadon irin wasan da yake so. Easyhoon mai natsuwa ne, gwani a jarumai irin Azir masu riƙe fili daga nesa, Faker kuma a lokacin ya fi son masu kai farmakin kisa. Wasan ƙarshe na zangon farko na 2015, wanda suka ci GE Tigers 3–0, Easyhoon ne ya buga shi duka, tare da T0M a daji. A wasan ƙarshe na MSI, gasar tsakiyar shekara, Easyhoon ya fara, aka shigo da Faker a wasa na huɗu, EDG ta China ta ɗana masa tarko a na biyar: ta bar masa LeBlanc, jarumar da bai taɓa faɗuwa da ita ba, ta tare shi da Morgana, ta ɗauki kofin.

Tsarin ya yi aiki ne saboda kujera ɗaya ko biyu kawai ake taɓawa, kuma kowa ya san dalilin da ya sa aka sa wane. Amma ɗan wasa irin Easyhoon ba zai zauna yana jiran rabin wasanni har abada ba. Shekara na ƙarewa ya koma Vici Gaming a China, MaRin kuma ya koma LGD. An sake zaunar da Faker a wasu wasannin 2018 aka sa Pirean, haka kuma a 2020 da 2021 aka gwada Clozer.

Yaya aka cike gurbin MaRin, kuma me ya faru a 2017?

Duke aka ɗauko daga NaJin, aka ƙara Blank a daji tare da Bengi. A 2016 suka ci MSI a Shanghai, suka sake cin kofin duniya a Los Angeles da ci 3–2 a kan Samsung Galaxy. Wasan da ya fi nuna amfanin ɗan benci nagari shi ne na kusa da na ƙarshe da ROX Tigers a New York. SKT na baya da ci 2–1, aka dawo da Bengi, ya ɗauki Nidalee, jarumar da kowa ya ɗauka bai iya ta ba, suka ci biyun da suka rage.

A 2017 Duke da Bengi suka tafi China, aka kawo Huni da Peanut, dukansu masu son wasa da zafi. Rabin farko na shekarar ya yi kyau, sun ci zangon farko sun ci MSI a Brazil. Daga nan abubuwa suka fara sassautawa, musamman a hanyar ƙasa, a daidai lokacin da salon wasan ya koma kan maharbi da mai rufa masa baya. A gasar duniya da kyar suka wuce Misfits ta Turai da RNG ta China, kowanne da ci 3–2, Faker na ɗauke da su; duka wasa biyar da RNG da Galio ya buga. A filin wasa na Beijing Samsung Galaxy ta rama, 3–0.

Me ya sa 2018 ta zama mafi muni, 2019 kuma ba ta kai ga kofi ba duk da taurari?

A 2018 ƙungiyar ba ta tsayar da biyar ɗinta ba. Sama tsakanin Untara da Thal, daji tsakanin Blank da Blossom, har Wolf aka gwada a daji. Suka ƙare zango na biyu a matsayi na bakwai, ba su je gasar duniya ba. Bayan shekarar aka sallami kusan kowa. Bang ya tafi 100 Thieves a Amurka, Wolf ya tafi Turkiyya.

A 2019 aka buɗe bakin aljihu: Khan, Clid, Teddy da Mata, wanda ya ci kofin duniya da Samsung White a 2014. A gida sun cinye zango biyun. A waje kuwa G2 ta Turai ta fitar da su sau biyu a wasan kusa da na ƙarshe, a MSI da kuma gasar duniya a Madrid. G2 tana juya jarumanta tsakanin kujeru ta yadda ba a gane wa zai buga wa sai a ƙarshen zaɓe, tana kuma jan wasa zuwa gefe-gefen fili maimakon faɗan gaba da gaba da SKT ta fi so. Ga kuma matsalar da ke bin ƙungiyar da aka saya: kwantiragin shekara ɗaya. Kafin su gama sanin juna, Khan ya tafi China, Clid ya koma Gen.G, Mata ma ya tafi, kkOma kansa ya bar ƙungiyar.

Mene ne tsarin mutum goma na 2021, kuma me ya hana shi aiki?

T1 ta shiga 2021 da 'yan wasa goma a babbar ƙungiya: Canna da Zeus a sama, Cuzz da Ellim da Oner a daji, Faker da Clozer a tsakiya, Teddy da Gumayusi a matsayin maharba, Keria mai rufa baya. Koci Daeny da Zefa, waɗanda suka ci kofin duniya da Damwon a 2020, su aka ba ragama. Manufar ita ce gogayya ta fito da mafi kyau a kowace kujera, kuma a iya yin wasan gwaji a cikin gida, biyar da biyar, ba tare da an nuna wa wata ƙungiya dabara ba.

A takarda abin ya yi ma'ana. A aikace ga inda yake karyewa. Lokacin atisaye ƙayyadadde ne: ƙungiya kan yi wasannin gwaji da wasu ƙungiyoyi zama biyu a rana, da yamma da dare, sannan kowa ya koma nasa atisayen. Idan aka raba waɗannan wasannin tsakanin haɗi uku ko huɗu, babu haɗin da zai tara abin da ya isa. Fahimtar juna tsakanin ɗan daji da ɗan tsakiya, ko tsakanin maharbi da mai rufa masa baya, abu ne na daƙiƙa ɗaya: wannan ya matsa, wancan ya riga ya san me ke biye. Ba a koyar da shi a allo, sai da ɗaruruwan wasanni tare. Sannan Riot Games, kamfanin da ya ƙirƙiri wasan, na sauya ƙarfin jarumai kusan duk mako biyu, don haka abin da aka koya da haɗin jiya ba lallai ya yi amfani da haɗin gobe ba. Na ƙarshe, ɗan wasan da ya san kuskure ɗaya zai mayar da shi benci yakan daina ɗaukar kasada, wannan wasa kuwa ba a cin sa da tsoro.

Duk zangon farko ana ta juya sunaye mako-mako. A watan Yuli aka sallami Daeny da Zefa, aka tsayar da Canna, Oner, Faker, Gumayusi da Keria. Cikin 'yan watanni suka kai wasan ƙarshe a gida, suka kai na kusa da na ƙarshe a gasar duniya a Iceland, inda DWG KIA, wato Damwon da sabon sunanta, ta fitar da su 3–2. A ganinmu wannan shekarar ita ce hujja mafi ƙarfi a tarihin ƙungiyar cewa tara gwanaye daban, gina biyar daban. Abin da tsarin ya bari mai amfani shi ne ya ba matasa uku damar ɗanɗana babban fage da wuri.

Mece ce ZOFGK?

Haruffan farko ne na Zeus, Oner, Faker, Gumayusi da Keria, biyar ɗin da suka zauna tare shekara uku cur, daga 2022 zuwa ƙarshen 2024. A wannan fagen, inda ake wargaza ƙungiyoyi duk Nuwamba, shekara uku ba sauyi abu ne da ba a saba gani ba. Zeus da Oner da Gumayusi 'yan gida ne, daga makarantar horar da matasa ta T1 suka taso. Keria kaɗai aka ɗauko daga DRX. An haifi Zeus a 2004, sauran ukun a 2002, Faker kuma a 1996.

Sun fara da cin duka karawa 18 na zangon farko na 2022, suka ɗauki kofin Koriya na goma. Daga nan sai jerin wasannin ƙarshe da suka suɓuce: RNG a MSI a Busan, Gen.G a gida, sai DRX a gasar duniya a San Francisco da ci 3–2, sannan Gen.G kuma sau biyu a 2023. A yawancin ƙungiyoyi da an riga an sayar da mutum biyu. T1 ta riƙe su. A gasar duniya ta Nuwamban 2023 suka doke JDG ta China a Busan, suka share Weibo Gaming 3–0 a Seoul, aka ba Zeus gwarzon wasan ƙarshe. Kocin Weibo a ranar shi ne Daeny. A 2024 da kyar suka samu gurbi na huɗu kuma na ƙarshe daga Koriya, amma suka fitar da Gen.G a Paris, suka ci BLG ta China 3–2 a wasan ƙarshe a Landan. A tsakiyar shekarar ma sun ci gasar Esports World Cup a Riyadh.

Me ya faru lokacin da Faker ya ji ciwo a hannu?

A watan Yulin 2023 ya tsaya na kusan wata ɗaya saboda ciwon hannun dama. Aka ɗauko Poby, matashi daga ƙaramar ƙungiyar T1. Karawa takwas suka yi ba shi, ɗaya suka ci. Ɗora wa Poby laifin zalunci ne, domin abin da ya ɓace ba a hanyar tsakiya yake ba. Huɗun da suka rage, waɗanda kowannensu ake lissafa shi cikin mafiya kyau a duniya, sai ga su suna shiga faɗa a rarrabe, ba su san lokacin ja da baya ba, suna zubar da rinjayen da suka tara a farkon wasa. A cikin wannan watan ne Bengi, wanda yake babban koci a lokacin, ya ajiye aiki, Tom ya riƙe. Da Faker ya dawo a farkon Agusta, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe.

Ta yaya ya daɗe haka alhali tsararrakinsa sun yi ritaya?

Ya sauya irin aikin da yake yi wa ƙungiya. Faker na 2013 da Zed da LeBlanc yake neman kisa da kansa. Faker na 2023 yakan bar zinariya ga Zeus ko Gumayusi, ya ɗauki Azir ko Orianna ko Galio, ya zama mai buɗe faɗa da mai tsara tafiya. Misali biyu da masu kallo ba sa mantawa: yadda ya kutsa da Azir ya wurgo Ruler, maharbin JDG, cikin 'yan T1 a wasa na uku da JDG, da Sylas da Galio da ya buga a wasa biyun ƙarshe da BLG, wanda ya sa aka ba shi gwarzon wasan ƙarshe yana da shekara 28. Bayan ciwon hannun har yanayin zamansa da riƙon linzamin kwamfuta ya gyara.

Ƙungiyar ma ta ɗaure shi da abin da ya wuce albashi. A 2020 ya zama mai hannun jari a T1, a ƙarshen 2022 ya sa hannu na shekara uku, a 2025 aka sanar da ƙarin kwantiragi har 2029.

Me ya sa Zeus da Gumayusi suka tafi bayan sun ci kofi?

Cin kofi yana ɗaga farashin kowa lokaci ɗaya, kuma biyar ɗin duk suna son a biya su daidai da matsayinsu. Zeus ya koma Hanwha Life Esports a Nuwamban 2024, bayan tattaunawar da ta jawo ce-ce-ku-ce a fili tsakanin wakilansa da shugabannin T1. Doran, wanda ya bar Hanwha ɗin, shi ya gaje shi. A farkon 2025 masu horarwa suka zaunar da Gumayusi suka gwada Smash daga ƙaramar ƙungiya, magoya baya suka rabu gida biyu, daga baya Gumayusi ya karɓi kujerarsa. Da shi aka ci KT Rolster 3–2 a wasan ƙarshe na gasar duniya a Chengdu, shi ne ma gwarzon wasan ƙarshen. Kwanaki kaɗan bayan haka ya bar T1, ya bi Zeus zuwa Hanwha, aka kawo Peyz.

Akwai kuma dokar kuɗi. A 2021 gasar LCK ta zama ta ƙungiyoyi goma masu kujerar dindindin, aka sa mafi ƙarancin albashi na won (kuɗin Koriya) miliyan 60 a shekara. A 2023 aka sanar da iyaka kan jimillar albashin mutum biyar mafiya tsada a kowace ƙungiya, wadda ta wuce ta biya tara. An yi rangwame a lissafin: ɗan wasan da ya shekara uku a ƙungiya ɗaya, ko wanda ya tara manyan kofuna, ba a ƙirga albashinsa duka. An yi haka ne don ƙungiyoyi su riƙe mutanensu, amma rangwamen lissafi ba ya hana wata ƙungiya miƙa tayin da ya fi tsawo ko ya fi tsoka.

Ina ruwan aikin soja da jerin 'yan wasa?

Dole ne namiji lafiyayye a Koriya ta Kudu ya yi aikin soja, kimanin wata 18 a rundunar ƙasa, kuma akwai iyakar shekarun da zai iya ɗagawa. Wata 18 ba atisaye a wasan da ke sauyawa duk mako biyu kusan ƙarshen sana'a ne. Abin da ya sa Khan ya ajiye wasa a ƙarshen 2021 ke nan. Mafita ɗaya ita ce lambar zinare a gasar Asiya. A wadda aka yi a Hangzhou a 2023 Koriya ta ci zinare da Zeus, Kanavi, Faker, Chovy, Ruler da Keria, kkOma na koci. Wannan ya ba su damar yin ɗan gajeren horon soja da awa 544 na hidimar jama'a a madadin cikakken aiki. Oner da Gumayusi ba sa cikin tawagar.

Wa ya fi yawan kofin duniya bayan Faker, kuma ina tsofaffin suke ƙarewa?

Bengi na da uku, haka Oner da Gumayusi da Keria. Bang, Wolf da Zeus na da bibbiyu. Duke ma biyu gare shi, na biyun da Invictus Gaming ta China a 2018. Hanya mai sauƙi ta tuna wa ya ci wane kofi ita ce tufafin jarumai da Riot ke fitarwa don girmama zakarun kowace shekara, inda kowane ɗan wasa ke zaɓar jarumi ɗaya. Na 2013 su ne Jax, Lee Sin, Zed, Vayne da Zyra. Na 2015 da na 2016 shida-shida ne, domin an haɗa da Easyhoon da Blank.

Da yawa sukan dawo gida a matsayin masu horarwa: PoohManDu, Bengi, Tom, Roach, da Mata a 2025. KkOma ya dawo a ƙarshen 2023. Wasu kuma sai a tarar da su a ɗaya ɓangaren. Khan da kkOma suna DWG KIA lokacin da ta fitar da T1 a 2021, Cuzz kuma shi ne ɗan dajin KT a wasan ƙarshe na 2025. Impact ya shafe fiye da shekara goma yana buga wa ƙungiyoyin Amurka.

Baƙo ya taɓa buga wa T1?

Dokar Riot ta bar kowace ƙungiya ta sa baƙi har biyu a cikin biyar ɗinta, amma babbar ƙungiyar T1 'yan Koriya zalla take amfani da su. Magana a tsakiyar faɗa gajeru ce kuma da sauri, da harshen Koriya ake yin ta. Wanda ya fi kusa shi ne Rekkles na Sweden, tsohon tauraron Fnatic, wanda ya buga wa ƙaramar ƙungiyar a 2024 a matsayin mai rufa baya, ya kuma bi tawagar zuwa gasar duniya a matsayin ɗan benci ba tare da ya shiga wasa ba.

Yaushe ake sauya 'yan wasa, kuma wane labari ne abin yarda?

Kusan duk kwantiragi na ƙarewa a mako na uku na Nuwamba, jim kaɗan bayan gasar duniya. Kafin wannan ranar haramun ne wata ƙungiya ta tuntuɓi ɗan wasa ba da izinin ƙungiyarsa ba, kuma ana hukunta wanda aka kama. Ranar na cika, cikin kwana biyu zuwa uku ake rufe manyan cinikai, shi ya sa jinkirin 'yan awoyi kan iya sa ƙungiya ta rasa mutum, ta kuma tarar wanda za ta maye gurbinsa da shi ya riga ya sa hannu wani wuri.

Riot na da kundin kwantiragi da kowa zai iya dubawa a intanet, mai nuna sunan ɗan wasa da ƙungiyarsa da ranar ƙarewar yarjejeniyarsa. Duba shi tun watan Oktoba zai nuna maka kujerun da ke cikin haɗari. Wani lokaci za ka ji an ce kwantiragin shekara ɗaya da zaɓin ƙarin ɗaya. Abin tambaya a nan shi ne a hannun wa zaɓin yake, ɗan wasa ko ƙungiya, domin a kan wannan ne tattaunawa da yawa ke lalacewa. Bayan kundin, abin dogaro shi ne sanarwar T1 a shafukanta. Koriya na gaban Najeriya da Nijar da awa takwas, don haka sanarwar da aka saki da rana a Seoul da asuba za ta same ka a Kano ko Maraɗi, wasan LCK na ƙarfe biyar na yamma kuma ƙarfe tara na safe ne a nan.